Mun kama mai ƙwacen waya mun kai caji ofis, bayan kwana uku sai ga shi yana yawo a unguwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren kwamitin tsaro na unguwarmu a nan cikin Kano, kowane gida na ba da ɗari biyar duk wata muna sallamar yaran da suke mana sintirin dare. Kwanaki suka kama wani matashi, zai kai shekara ashirin, ya zare wa wata baiwar Allah wuƙa ya karɓe wayarta tana sauka daga adaidaita sahu bayan isha'i. Gaskiya ya sha duka, kuma a ɗakin 'yan sintirin ya kwana a ɗaure har ya faɗi sunayen abokansa biyu, da safe muka kai shi caji ofis. Wallahi kwana uku sai ga shi a bakin layi yana mana dariya, yanzu kuma ubansa wai zai kai mu kotu. Yaranmu sun ce nan gaba ba inda za su kai kowa, a nan za a gama. Shin me doka ta ba mu dama mu yi? Me yasa 'yan sanda suke sakin irin waɗannan? Kuma za mu iya riƙe yayan ɗaya daga cikin waɗanda ya ambata har ya fito da ƙaninsa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri da wannan hidima, don duk wanda ke zaune a Kano ya san abin da masu ƙwacen waya da 'yan daba suka mai da mutane, ba sai an ba shi labari ba. Amma zan gaya maka gaskiya ko ba daɗi, a yadda ka kawo maganar nan kamun da kuka yi daidai ne, abin da ya biyo bayan kamun kuma shi ne ya buɗe wa uban yaron ƙofa.

Doka ta yarda wanda ba ɗan sanda ba ya kama mai laifi. Dokar tafiyar da shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, a sashe na 20 ta ce duk wanda aka aikata laifi a gabansa yana iya kama mai laifin, haka in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin mutum da irin laifin da ɗan sanda zai kama ba tare da waranti ba. Jihohi sun yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, kuma a wannan batun maganar ɗaya ce. To amma dokar da ta ba ku wannan damar ita ce kuma ta ce a miƙa wanda aka kama ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Kenan ikonku ya tsaya ne a kama a miƙa, babu tsarewa a ciki, babu tuhuma, babu "faɗi abokanka", balle hukunci. Kun kama shi bayan isha'i, caji ofis kuma ba ya rufewa da dare, to da wane dalili ya kwana a ɗakinku a ɗaure? Tambayar da lauyan ubansa zai fara yi muku kenan, kuma ban ga amsar da za ta gamsar da alƙali ba.

Mutane da yawa suna ganin da zarar an ɗinka yunifom an yi rajista a ƙaramar hukuma an zama hukuma, ba haka bane. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki na 1999 rundunar 'yan sanda ɗaya ya sani a duk ƙasar nan. Da can kafin a haɗe su da na tarayya a ƙarshen shekarun 1960 akwai 'yan doka na En'e a ƙarƙashin sarakuna, shi yasa har yau dattawa ke ganin ai unguwa na da ikon ladabtar da nata, amma wannan tsarin ya wuce. Ko rundunonin da gwamnoni suka kafa da dokar majalisar jiha, irin na Katsina da Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 da Askarawan Zamfara na 2024, in sun kama mutum ƙarshenta hannun 'yan sanda da kotu zai je, balle ku da kuɗin karo-karo ke ɗauke da ku.

Maganar duka kuma, na san za ka ce ai ɓarawo ne, da wuƙa aka gan shi. Ƙarfin da doka ta yarda da shi shi ne gwargwadon wanda zai sa a ƙwace wuƙar a danne shi kar ya gudu ko ya ji wa wani, da zarar ya shiga hannu duk gorar da ta sauka a jikinsa laifi ne mai zaman kansa, kuma a dokar Penal Code da muke amfani da ita a Arewa akwai sashe na 79 da ke cewa in mutane suka haɗu da niyya ɗaya suka aikata abu to kowannensu kamar shi kaɗai ya aikata, wato wanda ya riƙe ƙafa da wanda ya kawo igiya da wanda ya yi dukan duk jirgi ɗaya ya kwaso su, in kuma rai ya fita sai a koma sashe na 221, kisan kai, hukuncinsa kisa. Shi kansa ɗan sanda an hana shi azabtar da wanda ake zargi, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25. Sannan ga asarar da ba ku lura da ita ba, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ce kotu ba za ta karɓi amsa laifin da aka samu ta hanyar gallazawa ba. Sunayen nan biyu da ya faɗa yana ɗaure, gobe a gaban alƙali zai ɗaga riga ya nuna tabo ya ce wahala ce ta sa, shikenan sun tashi a banza, kuma ma wa ya tabbatar muku ba sunan wanda yake jin haushi ya kira ba don a sassauta masa igiya?

Yaranku da ke cewa a nan za a gama, dan Allah ka zaunar da su ka tuna musu Uromi. A watan Maris na 2025 'yan sintiri ne a jihar Edo suka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa daga Fatakwal za su gida sallah, aka ga bindigogin farauta aka ce masu garkuwa ne, jama'a suka taru aka kashe mutum 16, mafi yawansu 'yan jihar Kano, duk mun yi kuka mun ce zalunci ne. Su ma waɗancan a ransu unguwarsu suke karewa. Haka Aluu a jihar Ribas a 2012, ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal aka yi wa ihun ɓarayi aka kashe, a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, har da ɗan sanda a cikinsu. In taro ya ɗau zafi ba mai tsayawa ya tambaya, kuma yanzu kowa da waya a hannu, bidiyon da ake ɗauka ana raha shi ne zai zama shaida a kanku.

Yanzu ga wadda na san ta fi ci maka rai, me yasa aka sake shi. Ba zan rantse maka cewa kuɗi ba sa aiki a wasu ofisoshin ba, ina wannan aikin ina gani, ga "beli kyauta ne" a rubuce a bango ga kuma abin da ake yi a bayan kanta. Amma kafin ka yanke cewa sayar da kes ɗin aka yi, ka sani tsarin mulki a sashe na 35 bai yarda 'yan sanda su ajiye mutum yadda suka ga dama ba, kwana ɗaya ne a kai shi kotu in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu kwana biyu, a Kano kuwa ina ne babu kotu kusa? Don haka a ƙananan laifuka ko dai su gurfanar da shi ko su ba da belinsa, kuma beli ba wanke mutum bane, an ba wani amanarsa ne ya kawo shi duk ranar da aka nema.

Inda abin yake shi ne, ƙwace da makami ba ƙaramin laifi bane, fashi da makami ne, ko wuƙa ce ko ɗan bida ba sai bindiga ba, kuma irin wannan ba a ba da belinsa a kan kanta, akan kai shi gaban majistare a tura shi gidan gyaran hali a aika fayil ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, babbar kotu ce ke sauraronsa. To in har yaro ya dawo gida a kwana uku, mafi yawan lokaci abin da ya faru shi ne ba a rubuta shi a matsayin fashi ba tun farko. Ka tambayi kanka, matar da aka yi wa ƙwacen ta je ta ba da bayani an rubuta ta sa hannu? Ko kuwa da aka miƙa mata wayarta a wajen ta ce Allah ya isa ta wuce gida, mijinta ya ce ba matarsa da zuwa caji ofis? Wuƙar tana ina, an miƙa ta an rubuta, ko tana ɗakin 'yan sintiri wani na yanka lemo da ita? Cikin yaran da suka kama shi wa ya tsaya aka ɗau bayaninsa da sunansa? In duk babu, to abin da DPO ya gani a gabansa shi ne yaro da kumburarriyar fuska, ba mai ƙara, ba waya, ba makami, ga uba ga lauya a tsaye, kai ma in kai ne a kujerar abin da za ka yi kenan, ƙila ma yana tsoron kar yaron ya mutu masa a sel a ce shi ne. Kuma ko an kai kotu haka ake yi, a ɗage zama sau uku sau huɗu ba shaida ko ɗaya daga unguwa, kowa na tsoron a gane fuskarsa ko yana ganin ɓata lokacin kasuwa ne, ƙarshe alƙali ya kori ƙarar, sai a dawo majalisa ana cewa gwamnati ta saki ɓarawo.

Abin da nake ba ku shawara yanzu, ku je ku uku ko huɗu har da mai unguwa wajen DPO, cikin mutunci ba da hayaniya ba, ku tambayi wane laifi aka rubuta, waye IPO mai binciken, beli aka bayar ko rufe maganar aka yi. Ku lallashi matar ta zo da muharraminta ta ba da bayani, in tana da kwalin wayar ko rasit ta zo da shi don lambar IMEI da ke jiki ita ce ke tabbatar da wayar tata ce. In kun ga ana muku yawo da hankali sai ku rubuta takarda zuwa ga Kwamandan Yanki ko Kwamishinan 'Yan Sanda ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimi, akwai kuma sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa tun 2015, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Takarda mai kwanan wata da sa hannun mutum goma tafi zagi a Facebook tasiri nesa ba kusa ba. Sai dai ku shiga da sanin cewa in aka tono maganar za a tono har da dukan, don haka ku nemi lauya tun yanzu, kuma kar wanda ya je gidan uban yaron da barazana, in sulhu za a yi kan raunin a bar dattawa da lauyoyi su yi, shi kuma laifin ƙwacen daban ne, ba naku bane balle ku yafe.

Riƙe yayan wani don ƙaninsa ya fito kuwa, a'a, ko kusa. Ɗan sanda ma an hana shi, sashe na 7 na ACJA da sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun haramta kama wani a madadin wani. In ku kuka yi, sunansa tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, lauya mai zafi ma zai iya kiransa garkuwa. Ku ba IPO sunayen a matsayin bayanin sirri, ya rage nasa ya bincika.

Nan gaba kuma ku gyara tsarin tun kafin a sake kama wani. Dokar 2020 ɗin nan ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwar jama'a da 'yan sanda har matakin ofishin yanki, ga kuma PCRC, kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, da ya daɗe tun 1984, ku sa wakilinku a ciki yadda DPO zai san fuskokinku tun ba a shiga matsala ba, ku ba shi sunayen 'yan sintirinku da hotunansu, ku karɓi lambar motar sintirin dare, 112 ma tana nan duk da wani lokacin sai an yi ta kira. Ku tace yaran da kuke ɗauka, don na sha ganin inda tsohon ɗan daba ya shiga sintiri ya samu lasisin rama gayya a kan 'yan wata unguwar, ko mai shaye-shaye da za a ba gora da dare. Tocila, usur, gora da littafin rubuta abin da ya faru sun wadatar, bindiga ko ta gida ce sai da lasisi. A ware wani abu daga cikin ɗari biyar ɗin nan na kuɗin motar shaidu zuwa kotu, a kuma sa babba ɗaya mai sanyin rai wanda za a buga wa waya komai dare in an yi kamu, aikinsa kawai ya raba yaron da taro ya sa shi a adaidaita sahu tare da mai ƙara da wayar da makamin a wuce caji ofis a daren.

Sannan ku waiwayi masu saye. Yaron nan ba don ya yi kira yake ƙwatar waya ba, akwai wanda ke jiransa ya karɓa a rabin kuɗi, kuma karɓar kayan sata da sani laifi ne a sashe na 317 na Penal Code, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 14. Liman ya faɗa a masallaci, ku ma ku faɗa wa matasa da matan gida, duk wanda zai sayi waya ta hannu, ko a Farm Centre ne ko a bakin layi, ya karɓi rasit mai sunan shago da lambar mai sayarwa, ya danna *#06# ya ga lambar da ta fito ta yi daidai da wadda aka rubuta masa.