Ɗanki bai buga wasa ba a kakarsa ta farko? Ki ƙara haƙuri

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya gama kakarsa ta farko a ƙungiyar ƙwallon jami'a a nan Amurka, kusan duk a benci ya yi ta, kina tambaya ko ya sauya makaranta. Ni dai shawarata, kada a yi gaggawa.

Haka muka gani da 'yata bara. Wasa 18 suka yi tsakanin Agusta da Nuwamba, sau huɗu kawai aka sa ta, shi ma a ƙarshen wasa. Ranar da ta kira ni tana kuka, ni ma sai da na share hawaye. Amma ki duba: yaro mai shekara 18 yana neman gurbi wurin masu shekara 21 ko 22, waɗanda jikinsu ya riga ya ƙosa. Ga wasa biyu a mako, ga tafiye-tafiye, ga atisaye da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta yarda ya kai awa 20 a mako idan an haɗa da wasanni, sannan karatu yana jira. Wallahi ba ƙaramin nauyi ba ne.

Tun 2018 NCAA ta buɗe hanyar sauya makaranta ta intanet, amma wanda ya shiga yana iya rasa tallafin karatunsa bai samu wani gurbin ba.

Ɗanki ne zai je ya samu koci da kansa, ba ke ba, ya tambayi abin da zai gyara kafin atisayen watannin Maris da Afrilu. Ke kuma ki tambaye shi yana barci kuwa, yana cin abinci, yana da abokai a ƙungiyar. Allah ya yi masa jagora.