Ku Tambayi Anti: Anko ya dinku, amma gada ta karye

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki raba mu gardama da maigidana. Bikin aminiyata za a yi a Ilorin, tun muna makarantar kwana muke tare, na dinka anko na hada gudummawa har na sa an yi min lalle, sai ga wannan ambaliya ta Mokwa a jihar Neja, shi kuma yace wallahi ba inda zan je. Na aika tasha direbobi sun ce ai ana wucewa. Ni gani nake dama can baya son tafiyar ne ya samu dalili. Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikissalam kanwata. Yau kam sai dai ki yi hakuri, bayan maigida nake, ko da kuwa da gaske dama neman dalili yake to ya samu mai karfi.

Ruwan da ya afka wa Mokwa ranar 29 ga Mayu 2025 ba irin na ya cika kwata ya janye bane, sama da mutum 150 aka tabbatar sun rasu, unguwanni irin su Tiffin Maza da Anguwan Hausawa ya share gidaje, Allah ya jikan su. Kuma ya karya gada kan hanyar Mokwa zuwa Jebba, wato dai hanyar da za ki bi, wadda manyan motocin shanu da albasa da tumatir ke bi zuwa kudu.

Maganar direba yace ana wucewa, to ki sani direba fasinja yake nema, bai taba cewa hanya bata da kyau ba sai in motarsa ta cika. Eh ana wucewa, amma ta ina kuma bayan awa nawa? Abinda ruwa ke yi wa titi shine ya kwashe kasar da ke karkashi ya bar kwalta a sama lafiya lau kamar ba komai, sai tirela ta hau kawai ki ga wajen ya rufta. Ni a Oktoban 2022 da ruwa ya shanye hanyar Abuja zuwa Lokoja a Koton Karfe na makale, kwana biyu muna zaune a mota, cajin waya ya kare, ruwan leda ya zama gwal, bandaki kuwa kar ma ki tambaya, mu mata sai mu hada zannuwa mu yi wa juna labule a bakin daji. Tankokin mai ma a nan suka tsaya shi yasa har Abuja aka shiga layin mai. Kuma me ya kai ni? Suna fa, sunan da aka yi aka watse ina kan titi.

Wani abin da bama tunawa, 'yar hanyar da aka samu ake lallabawa akwai masu bukatarta fiye da ke, motar kayan agaji, mai mara lafiya, wanda zai je neman gawar dan uwansa, mai tumatir da jarinsa ke rubewa a rana. Duk motar 'yan biki da ta shiga layin nan ta kara musu tsawo ne.

In da lalura ce ta dole da sai ince ki saurari sanarwar 'yan Road Safety, ki tambayi direban da ya dawo yau ba wanda ke lodi ba, ki fita da asuba kar dare ya same ki, ko ki zagaya ta Lokoja da Kabba duk da nisa da tsadar mota. Amma biki? Tura mata gudummawar ta akawun, ki sa ankon ki kira ta bidiyo ranar kamu ku sha kukanku, in hanya ta gyaru maigida da kansa ya biya kudin motar zuwa ganin daki, ki ce Anti ce ta yanke masa wannan tarar.