Haki da Zufa ga Mai Ciwon Suga: Zafin Gari Ne ko Zuciya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da shekara 57, ya shekara 12 da ciwon suga. Kwanan nan in ya hau tudun unguwarmu ko ya yi sa'ayi, sai haki da zufa su taso masa, wani lokaci har da tashin zuciya. Ƙirjinsa ba ya ciwo, shi ya sa yake cewa zafin Makka ne da olsa. Sugansa na safe bai cika wuce 130 ba. Akwai abin damuwa?
Wata Hajiya daga Jarwal, Makka

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Akwai, kuma a kai Alhaji wurin likitan zuciya cikin makon nan.

Suga yana ɓarna ta fuska biyu. Yana lalata bangon jijiyoyin da ke shayar da zuciya da jini, kitse ya taru a jikinsu har hanya ta tsuke. Yana kuma kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Sai zuciya ta ƙishirci jini, amma mai ita bai ji ciwon ƙirjin da kowa ya sani ba. Abin da zai bayyana shi ne haki, zufa mai sanyi, kasala, ko nauyi a saman ciki, a muƙamuƙi ko a hannun hagu. Sa'ayi kuwa kusan kilomita 3 ne, ya isa ya fallasa tsukakkiyar jijiya. Ya dakata da shi tukuna. Awon bugun zuciya na ECG da ake yi a kwance kan fito lafiya ƙalau alhali matsalar tana nan, don haka a nemi gwajin tafiya a kan inji, in ta kama a yi ƙasɗara, wato a zura siririn bututu ta jijiya a duba jijiyoyin zuciya.

Awon safe kaɗai ba ya tsare zuciya, kuma nan ne mutanenmu ke ruɗuwa. A duba tarakumi, wato HbA1c, awon matsakaicin suga na kusan wata uku, ana son ya sauka ƙasa da 7 ga galibin mutane. Hawan jini kada ya kai 130/80. Mugun kitsen jini, LDL, ya yi ƙasa da 70, in an tabbatar da toshewa ƙasa da 55. Abinci kaɗai ba kasafai yake kai shi can ba, sai da magani irin atorvastatin kullum. Ku tambayi likita ko empagliflozin ko semaglutide sun dace da shi, domin suna rage suga kuma suna kare zuciya. Na farkon yana sa yawan fitsari, sai a dage da shan ruwa a wannan zafin, a dakatar da shi ranar amai ko gudawa.

Faɗuwar suga ƙasa da 70 ma tana wahalar da zuciya. Kada ya sha magani ya fita Harami da ciki wayam. Sigari da shisha a bar su gaba ɗaya, gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a wuni. Asfirin na kullum kuwa, tunda ana zancen olsa, sai da izinin likita.

In abin ya taso masa yana zaune, ko ya huta minti 5 bai lafa ba, ki kira Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya ta gaggawa, a 997 nan take, kada ya tuƙa mota. Ya tauna asfirin miligiram 300, sai fa in jikinsa ba ya karɓarsa ko ya taɓa zubar jini a ciki. Likitoci na son buɗe jijiyar cikin awa 2, domin naman zuciyar da ya mutu ba ya dawowa.