A ina zan sami lilin na gaskiya, kuma wane mai sayarwa zan amince da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗinki ce, na fi shekara 8 a sana'ar, kuma a 'yan watannin nan masu kawo mini aiki sun fi neman rigunan lilin saboda zafi. Sau biyu ke nan ina sayen yadi da sunan lilin tsantsa ina yin asara. Na farko da aka wanke shi ya tsuke har rigar ta ƙi shiga mai ita. Na biyu kuwa mai rigar ta dawo tana cewa zufa yake tara mata kamar ta sa leda, alhali kafin in biya na ga ƙulle-ƙullen zare a jikinsa, na ga yana yamutsewa, har mai kantin ya zare zare ɗaya ya ƙona a gabana ya zama toka. Ina tsoron sunana ya ɓaci. Don Allah a ina ake samun lilin mai kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya mayar miki da alheri a kan abin da kika rasa. Asarar biyu da kika faɗa ba iri ɗaya ba ce, kuma ya kamata a raba su kafin a zo maganar wurin saye.

Yadin farko mai yiwuwa lilin ne na gaske, tsukewar ma tana cikin halinsa. Lilin da ba a wanke shi a masaƙa ba yakan ragu a wankin farko, daga kashi 3 cikin 100 har zuwa kusan kashi 10, gwargwadon yadda aka miƙe zaren lokacin saƙa. Maganin wannan a hannunki yake: ki ƙara a kan awon da kike bukata, ki wanke yadin da irin ruwan da mai rigar za ta riƙa wanke ta, ki shanya, ki goge, sannan ki ɗora almakashi. Wannan ba laifin mai sayarwa ba ne, sai dai idan ya ce miki an riga an wanke yadin.

Yadi na biyu shi ne abin da nake so in daɗe a kansa, domin kusan kullum sai na haɗu da tela ko mai ɗinki da aka yaudara da waɗannan alamu uku da kika lissafa: ƙullin zare, yamutsewa, da ƙona zare. Mutane sun ɗauke su hujja, masu algus kuwa sun san haka sarai, shi ya sa suka ƙware wajen samar da dukansu a yadin da babu lilin a cikinsa ko kuma akwai ɗan kaɗan.

Ƙullin zaren da ake gani a matsayin hatimin lilin, masaƙu suna iya sa shi da gangan a zaren foliyesta wanda roba ce, ko na biskos da ake haɗawa daga itace, ko na auduga, akwai injinan kaɗi da aikinsu ke nan. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ko a lilin na gaske yawan ƙulli ba alamar daraja ba ce. Daga ɓawon karan tsiron filaks ake fitar da zaren lilin, kamar yadda ake fitar da na rama, kuma idan aka tsefe shi yakan rabu gida biyu: dogon zare mai santsi da sheƙi, da gajeren da ya zube wajen tsefewa. Da dogon ake saƙa lilin mafi tsada, kuma za ki same shi sumul, ƙullinsa kaɗan ne ƙwarai. Gajeren ne yake ba da yadi mai yawan ƙulli da gashi-gashi, wanda yake saurin sakin zare wajen wanki. Saboda haka mai kantin da yake nuna miki ƙulli yana cewa ga shaida, a mafi kyawun hali lilin mai ƙaramar daraja yake tallata miki, a mafi munin hali kuwa roba ce aka yi wa ado.

Yamutsewa ma haka take. Gaskiya ne lilin yana yamutsewa saboda zarensa ba ya miƙewa ya koma, amma biskos yana yamutsewa, auduga tana yi, rami (ramie), zaren wani tsiro da ake yawan sayarwa da sunan lilin, shi ma yana yi. Sitaci mai yawa kuma yana sa kowane yadi ya riƙe layin matsa kamar lilin, ya kuma ɓoye saƙar da ba ta da ƙarfi, har sai ranar da ya sha ruwa.

Sai ƙona zare, wanda shi ne ya kama ki. Wuta ba ta bambanta lilin da auduga ko biskos ko rami, domin dukansu daga tsiro suke, dukansu suna ci da wari irin na takarda su bar toka mai laushi. Abin da wuta take tonawa a nan shi ne roba, wadda take narkewa ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri. Ko wannan ma sai an yi gwajin yadda ya kamata. Kowane saƙaƙƙen yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance, kuma masu gauraya sukan sa foliyesta a ɗaya, su sa lilin ko biskos a ɗayan. Mai kantin ya san wanda zai zaro. Da kin ce ya zaro daga ɓangarorin biyu, ko ya yanko ɗan ƙyalle ya ƙona gaba ɗaya, ina kyautata zaton da kin ga baƙin ƙwallon nan a bakin tokar. Ƙorafin mai rigar ya isa shaida: lilin yana riƙe danshi kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa a iska ta yau da kullum, foliyesta kuwa ba ta kai kashi 1 ba, don haka zufar da lilin zai tsotse ya sake wa iska, roba barinta take yi a kan fata.

Abin ya wuce asarar kuɗi. Macen da ta sa doguwar riga mai faɗin hannu tana zaton lilin ce za ta matsa kusa da murhu ba tare da fargaba ba, ita kuwa roba idan ta kama wuta narkewa take yi ta manne a fata, ƙunarta ta fi zurfi. Mai guga kuma zai ɗaga zafin dutsen zuwa digiri 200, wanda lilin yake jurewa lafiya, sai rigar ta yi sheƙin ƙuna ko ta tattare. Wanda ya sayar da gauraye da sunan tsantsa yana da hannu a duk wannan, kuma ba na karɓar uzurin da suke bayarwa cewa haka su ma aka ba su. Wanda ya zauna sayar da yadi wajibi ne ya san abin da yake cikin bandir ɗinsa.

Ki kuma kula da rubutun da ake liƙawa, musamman a intanet. Idan kika ga "linen look" ko "linen feel", ma'anarsu yadin yana kama da lilin ne kawai, kuma sau da yawa babu zaren filaks ko ɗaya a ciki. Sunan ƙasa ma yana ruɗarwa. Mafi yawan filaks mai dogon zare ana noma shi ne a gaɓar yammacin Turai, a arewacin Faransa da Beljiyam da Holan, Faransa ce kan gaba, amma kaso mai yawa na wannan zaren Sin ake kai shi a kaɗa. Don haka lilin da aka saƙa a Sin ko Indiya yana iya zama mai kyau ƙwarai, wanda aka rubuta wa sunan Italiya kuma yana iya zama jabu. Tambarin European Flax, wanda yanzu ake kira Masters of Flax Fibre, yana shaida cewa a yammacin Turai aka noma tsiron. Na Masters of Linen yana shaida cewa tun daga gona har saƙa a Turai aka yi. Ƙungiyar Irish Linen Guild, wadda aka kafa a 1928, tana ba da tambarinta ga lilin da aka sarrafa a Ayalan ko da daga waje aka kawo filaks ɗin. Na OEKO-TEX kuwa, wanda masu talla suke son ɗagawa, magana yake a kan sinadarai masu cutarwa, bai ce komai a kan ko yadin lilin ne ba.

Yanzu ga wurin saye. Ba girman kanti ko ƙyallinsa nake dubawa ba, tambayoyi huɗu nake yi: kashi nawa ne na lilin a ciki kuma mene ne sauran, giram nawa ne nauyin murabba'in mita ɗaya, an wanke shi ko ba a wanke ba, kuma za a ba ni ƙyalle in gwada kafin in saya. Duk wanda ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ya kuma yarda ya rubuta amsar a rasit, wurinsa wurin saye ne. Wanda ya ce ai kowa ya san kayansa, ki yi masa sallama.

Mafi aminci su ne masaƙun da suke sayarwa kai tsaye da dillalansu na hukuma, domin su ne suke da takardar bayanin kowane bandir. Akwai irin waɗannan masaƙu a Beljiyam da Lituweniya da Ayalan da Italiya, kuma da yawansu suna aika littafin samfur. Matsalarsu ita ce wasu ba sa sayar da ƙasa da bandir guda, don haka idan aikinki bai kai ba, ku haɗa kuɗi da wasu masu ɗinki ku sara tare. Bayansu sai kantunan da suka keɓe ga yadin tsiro, a kasuwa ko a intanet, waɗanda suke rubuta nauyi da faɗi da gauraye a kan kowane yadi. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar lamba 1007 ta 2011 ta wajabta bayyana zaren da ke cikin yadi, ta kuma hana kiran yadi tsantsa idan gauraye ne, wannan yana ba mai saye daga can madogara idan aka cuce shi. Masu sayar da ragowar yadin manyan kamfanonin ɗinki sukan sami lilin mai daraja da rahusa, sai dai sau da yawa babu takarda, kuma idan ya ƙare ba ya dawowa, saboda haka gwaji a nan dole ne. Manyan kasuwannin intanet da kowa yake buɗe shago a cikinsu su ne inda na fi ganin jabu, kada ki sayi yadi mai yawa a can daga wanda ba ki taɓa gwada ƙyallensa ba.

Game da nauyi, giram 100 zuwa 140 na rigar ciki ne da rigar zafi mai shara-shara, mai yiwuwa ta bukaci shafi. Giram 150 zuwa 200 shi ne na yawancin riguna da dogayen riguna, daga 200 zuwa 260 kuwa na wando da siket da kwat mara nauyi. Faɗin yakan kasance santimita 140 zuwa 150, ki tambaya, domin araha a kan yadi mara faɗi ba araha ba ce.

Idan ƙyallen ya zo hannunki, ki yanka shi santimita 20 kowane gefe. Ki murza shi tsakanin yatsu a kan baƙin abu, idan farin gari ya zuba to sitaci ne ya cika shi. Ki ɗaga shi ga haske ki ga ko saƙar ta daidaita. Ki ɗiga ruwa: lilin da aka wanke yakan shanye nan take, roba kuwa takan bar ɗigon ya tsaya. Ki zaro zare daga tsaye da kwance ki ƙona kowanne daban. Sannan ki wanke shi tare da farin ƙyalle don ki ga ko rininsa yana zuba, ki goge, ki sake aunawa, ki rubuta yawan tsukewar da sunan mai sayarwa a littafi, ki liƙa ƙyallen a gefe. Idan ya tsallake, ki sayi duk abin da aikin yake bukata a lokaci ɗaya kuma daga bandir ɗaya, domin rini biyu masu suna ɗaya sukan ɗan bambanta, kuma bambancin yakan fito fili idan aka haɗa hannu da jikin riga.