Tambaya da Amsa: Tashar Ballylumford da yajin aikin 1974

Tambaya: Na ji an ce ma'aikatan wata tashar lantarki sun taɓa kayar da gwamnati a Arewacin Ireland. Me ya hana a tura sojoji su karɓi aikin? Ina tashar take yanzu?

Amsa: Malam, haka abin ya faru. Tashar ita ce Ballylumford B da ke gaɓar teku kusa da garin Larne. An kammala ta a 1974 da injuna shida, uku masu megawat 120, uku masu 200, jimilla 960, dukansu da baƙin mai suke aiki. Ranar 15 ga Mayu na shekarar, ma'aikata 'yan Furotesta suka tsunduma yajin aiki don adawa da yarjejeniyar Sunningdale, wadda ta raba mulki tsakaninsu da 'yan Katolika. Ma'aikatan tashar suka riƙa rage wuta har masana'antu suka tsaya cik. Ranar 28 ga watan Brian Faulkner, shugaban gwamnatin raba mulkin, ya yi murabus, gwamnatin ta rushe.

Maganar sojoji kuwa, baƙin mai ba ya biyayya ga wanda bai san halinsa ba. In ya yi sanyi daskarewa yake yi kamar kwalta. Sai an ɗumama tankin zuwa wajen digiri 50 kafin famfo ya iya jansa, sannan a ƙara masa zafi ya haura 100 kafin ya fesu a bakin murhu. In zafin ya gaza, mai ya riƙa ɗiga, harshen wuta ya mutu. In aka sake kunnawa ba a fara hura iska an kore tururin man da ya taru ba, tukunyar da ake dafa ruwa ya zama tururin juya injin na iya fashewa. Ga farar wuta da ke cikin man: da zarar hayaƙi ya huce fiye da kima, sai ta zama ruwan asid mai cin ƙarfe. Shi ma injin, in ya huce, sai an shafe sa'o'i ana ɗumama shi sannu a hankali, in ba haka ba sandarsa ta lanƙwashe. Wannan sani a hannun ma'aikatan yake, a ganinmu kuma shi ne makaminsu na gaske.

A 1996 aka mayar da tashar kan iskar gas da ake turowa ta bututu daga Scotland. An buɗe sabuwa, Ballylumford C, a gefenta a 2003, ita kuma B aka rufe ta a 2018.