Amsa: Garin masa na leda don gidan abinci

Hajiya, kin tambaya ko garin masa zai raba ki da jiƙo da kai niƙa kullum a shagonki na Birnin Kebbi. Zai yi, amma da shinkafar tuwo kawai. Turarriya ba ta tashi yadda ake so, masar sai ta fito da nauyi.

Ki jiƙa shinkafar tuwon awa 6, ki tsane, ki shanya ta bushe ƙarau, sannan a niƙa, a tankaɗe. Ki damƙi garin: in ya dunƙule a tafin hannu, da sauran damshi, zai yi fumfuna cikin leda, balle da damina.

Kada ki zuba yis cikin garin ajiya, ƙarfinsa raguwa yake yi. Sai ranar suya: gari kofi 4, dafaffiyar shinkafa kofi 1, yis cokalin shayi 2, sukari, ruwa mai ɗumi. Tafasasshe kashe yis yake yi. Ki rufe awa 3, lokacin hunturu ya fi haka.

Iyayenmu kwana suke bari ƙullu ya yi, su kashe tsamin da ruwan kanwa. Masu son wannan ɗanɗanon, ki zuba musu nono ludayi ɗaya a ƙullun.