Prius ko Camry: wace haibirid ce za ta rage min kuɗin mai?

Tambaya: Malam, tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye min albashi. A Kano nake, zirga-zirgata daga gida zuwa ofis ce da kai yara makaranta, sai tafiya Kaduna jefi-jefi. Dillali ya nuna min Prius 2010 da Camry haibirid 2012, duk 'yan Kwatano. Wace zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, irin tuƙinka shi ne abincin haibirid. Mota ce mai injin fetur da kuma na lantarki. Idan ka tsaya a danja ko cunkoso ya riƙe ka a Kofar Wambai, injin fetur kan mutu da kansa, batir ya ɗauki nauyi. Duk birkin da ka taka kuma yana mayar wa batirin caji. A babban titi inda ba tsayawa, ribar tana raguwa. Da a ce kullum kana kan hanyar Kaduna ne, da na ce ka sake tunani.

A gwajin hukumar Amurka, Prius 2010 tana yin kusan kilomita 21 da lita ɗaya, Camry haibirid 2012 kuma wajen 17. Da zafinmu da esi a kunne, kada ka sa rai da cikakken wannan lissafi.

Amma ni ba nan hankalina yake ba. Motar da ta haura shekara 10, batirinta kake saye. Kada ka biya ko sisi sai bakaniken da ya san haibirid ya sa mata kwamfuta ya karanta ƙarfin kowane sashe na batirin. Na Prius guda 28 ne a jere, ɗaya ya raunana sai ya ja sauran. In lambar P0A80 ta fito, batir ya gaji. Wasu kan goge lambar kafin mai saye ya zo, don haka ku yi tafiya mai ɗan nisa da ita, a sake dubawa. Ka sa ido a kan allon gaba: in alamar caji na cika nan take kuma tana zubewa nan take, da sauran magana.

Sai ƙura. A gefen kujerar baya akwai 'yar kafar da fanka ke jan iska ta sanyaya batir. Leƙa ta da tocila. Na sha ganin fankar ta toshe da ƙurar hunturu da gashi kamar an liƙa mata auduga, mai motar ma bai san da ita ba. Zafi kuwa shi ke kashe batir. Haka esinta na lantarki ne, yana da nasa man na musamman. Mai gyaran bakin titi ya zuba na gama-gari, ya jawo maka asara. Wayoyin lantarki masu ruwan lemo da ke jikin motar ma ba kowa ke taɓa su ba, wutar cikinsu ta haura bolt 200.

Prius ta wannan zubin an san ta da shan baƙin mai da ƙona gaskit idan ta yi nisan tafiya, kuma ƙasa-ƙasa take, ramukan unguwa da damina za su gaya mata. Da iyali da hanyar Kaduna, in duka batiran lafiya lau suke, ni Camry zan ɗauka, in haƙura da 'yan kilomitocin da Prius ta fi ta.